Me ya sa ɗan kayan tsohuwar kwamfuta daga Ingila ya koma tsada haka?

Wani ɗan'uwa da ke zaune a Jamus ya turo tambaya, ya ce shi mai sha'awar tsofaffin kwamfutoci ne irin na shekarun 1980, ya sayi ledar nan da ke ƙarƙashin kibod ɗin kwamfutar ZX Spectrum daga wani ƙaramin shagon intanet a Ingila, kuɗinta yuro 20 da kuɗin aikowa yuro 8, amma da mai kawo wasiƙa ya zo sai ya ce sai ya ƙara sama da yuro 11 kafin ya miƙa mishi. Shi kuma ya ji ana cewa akwai yarjejeniyar ciniki ba haraji tsakanin Birtaniya da Tarayyar Turai, to wannan kuɗin na mene ne, kuma me ya sa shaguna da yawa yanzu suke rubuta ba sa aika kaya ƙetare sam, sannan ya ƙara da tambayar ko irin wannan ne zai samu 'yan kasuwar Nijar tunda ta fita daga ECOWAS.

To ɗan'uwa ka zo wurin da ya dace, don cike takardun kwastan shi ne abincina, a wani ƙaramin kamfanin jigilar kaya nake aiki nan Ingila, a gefe kuma ina taɓa gyaran irin waɗannan injinan ina sayar da wanda ya tashi. Ba a cuce ka ba, kuma wanda ya ce maka akwai yarjejeniya shi ma bai yi ƙarya ba. Abin da yarjejeniyar ta cire daban, abin da aka karɓa a hannunka daban. Kuɗin fito ta cire, shi kuwa dama can ba a biyan shi a kan kwamfuta. Abin da ya karya ƙananan 'yan kasuwar nan kuɗaɗe ne da ba ruwansu da girman ciniki, ko na yuro 20 ka sayar ko na yuro 20,000 takardar ɗaya ce, rajistar ɗaya ce, ladan wakili ɗaya ne, kaga babba ba zai ma ji ba, ƙarami kuwa ribar gaba ɗaya ta tafi.

Sai ka fara gane irin kasuwar tukuna. Kasuwar waɗannan injinan tun asali ta Turai ce gaba ɗayanta, ba ta ƙasa ɗaya ba. Spectrum kamfanin Sinclair na Cambridge ne ya fito da ita a 1982, ana haɗa ta a masana'antar Timex da ke Dundee a Sikotlan, amma Sifen da ƙasashen gabashin Turai sun rungume ta har suka riƙa ƙera irinta. Amstrad CPC ta 1984 ta Ingila ce amma Faransa da Sifen sun yi mata babbar kasuwa, a Jamus kuma da sunan Schneider aka sayar da ita. Commodore kamfanin Amurka ne amma yana da masana'anta a Braunschweig nan wajenku, yana da wata a Corby nan wajenmu, kwamfutarsa Amiga kuwa a Jamus da Birtaniya ta fi samun gindin zama har kamfanin ya durƙushe a 1994. Duk tsarin talabijin ɗinsu kusan ɗaya, wutarsu 220 zuwa 240, kan filogi kawai za ka canza, shi ya sa injin Ingila zai yi aiki a Hamburg lafiya lau, na Amurka kuwa sai ka nemi taransifoma kuma hoton ma ya ba ka wahala. Kuma masu wannan sha'awar ba su da yawa, a ƙasa ɗaya ba su isa su riƙe mai sana'a ba, mutum ɗaya ne a garejin gidansa a Holan yake yin wani kati, wani a Polan yake yin wayar bidiyo, wani a Ingila yake buga ledar kibod, kowa ya dogara da masu saye na nahiyar baki ɗaya. Kafin 2021 in mutumin Leeds nan Ingila zai aika maka kaya Hamburg, kamar ka ba direba saƙo ne a tasha daga Kano zuwa Zariya, adireshi kawai da kuɗin mota, ba wanda zai tambaye ka mene ne a ciki.

An yi ƙuri'ar raba gardama kan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, wato Brexit, 23 ga Yuni 2016, Birtaniya ta fita a hukumance 31 ga Janairu 2020 amma ba abin da ya canza a kasuwa sai da wa'adin riƙon ƙwarya ya ƙare 31 ga Disamba 2020. Ita yarjejeniyar cinikin sai 24 ga Disamba aka cimma ta, mako ɗaya kenan kafin ta fara aiki, ana tsakiyar hutun Kirsimeti ga korona, to ka ƙiyasta mutumin da ke haɗa bod da dalma a teburin kicin ɗinsa yaushe zai karanta shafi sama da dubu. A Janairun 2021 har kamfanin kai kaya na DPD sai da ya dakatar da kai kaya Turai ta mota na ɗan lokaci, ya ce kusan kashi 20 cikin ɗari na ƙunshin da ake ba shi bayanan kwastan ɗinsu ba daidai ba ne ko ba su cika ba. Abin da yarjejeniyar ta ce shi ne ba kuɗin fito a kan kayan da asalinsu na ɓangarorin biyu ne. Mu a wannan harkar wannan bai ƙara mana komai ba, don kwamfuta tana ƙarƙashin lamba 8471 a littafin kwastan, kayan gyaranta 8473, aisi (ƙananan cip ɗin da ke kan bod) 8542, kuma duk sifili ne dama saboda wata tsohuwar yarjejeniya ta ƙungiyar ciniki ta duniya tun 1996. Shi ya sa in na ga mutane suna musu a kan ko Spectrum ɗin da aka haɗa a Dundee a 1983 ta cika sharaɗin asali dariya nake, ko ta cika ko ba ta cika ba sifili ne. Inda asali yake da tasiri shi ne tarkacen gefe, misali rigar tishat mai hoton Commodore da aka ɗinka a Asiya, wannan tana da kashi 12, shi ma a yadda aka fara a 2021 sai ƙunshin ya haura yuro 150.

Abin da ka biya harajin VAT ne na shigo da kaya, da ladan wanda ya biya maka shi. Lissafin ga shi: 20 da 8 sun zama 28, don ana ɗora harajin har a kan kuɗin aikowa, mutane da yawa nan suke mamaki. Jamus tana karɓar kashi 19, ya zama yuro 5.32. Sai gidan wayar Jamus ya biya wa kwastan a madadinka ya ɗora ladansa, wanda a lokacin da tsarin ya fara yuro 6 ne, 11.32 kenan, daidai abin da aka ce ka kawo. Wato a kan kayan yuro 20 an ƙara maka fiye da rabin kuɗinsa, kuma ladan ya ma fi harajin yawa. Yanzu a ce Amiga 1200 ka saya yuro 400 da aikowa 40, harajin 83.60 ne, da ladan ya kusa 90, da ciwo amma kashi 22 ne kawai na kuɗin kayan. Matsalar ita ce wannan sana'ar ba a kan manyan injina take rayuwa ba, a kan ƙananan abubuwa take, ledar kibod, bel ɗin na'urar kaset, jakar kafasita na canza waɗanda suke yoyo a Amiga 600 da 1200, aisin sauti na Commodore 64, wayar SCART, Gotek ɗin da ake sawa a madadin fulofi, duk 'yan yuro 10 zuwa 40. Nan ne cinikin ya mutu. Kai ma ka gode Allah Jamus kake, Ailan da Polan kashi 23 ne, Suwidin da Danmak 25, Hungari 27, in kuma kamfanin kai kaya mai zaman kansa ne ya kawo ba gidan waya ba ladan yakan fi haka nesa. Mu ma nan haka ne, kashi 20 da fam 8 na gidan wayarmu Royal Mail.

Abin da ya fi ƙona wa mutane rai shi ne kayan na hannu ne. Injin da wani uba ya saya wa ɗansa a 1984 ya biya harajinsa tun lokacin, ya kwana shekara talatin da wani abu a saman silin, yau ɗan ya fito da shi ya sayar maka, kwastan ba ruwansu, ya ƙetare iyaka sabon haraji. A da mutum da mutum ba VAT tsakaninsu ko da ƙasarsu daban, ƙaramin ɗan kasuwa ma da bai kai ma'aunin rajista ba, wanda nan fam 85,000 ne a shekara kafin a mai da shi 90,000 a Afrilun 2024, shi ma ba ya ɗora maka komai. To kusan duk masu wannan sana'ar ƙasa da ma'aunin suke, wato ba wai harajin ya tashi daga hannun Birtaniya ya koma hannun Jamus ba ne, a'a haraji ne da babu shi da, yanzu ya samu. Wasu masu wayo sukan ce a rubuta lamba 9705 ta kayan tarihi da ake tarawa, don harajinta kashi 5 ne nan, 7 a Jamus. Ni ba na ba kowa wannan shawarar, lambar ta abin da ba a cika samu ba ce mai ƙimar tarihi, Apple ta farko za ta iya shiga, amma Spectrum da aka sayar da kusan miliyan 5 ko Commodore 64 da ta haura miliyan 12, jami'in kwastan zai dube ka ne kawai ya mayar da ita 8471 ya ƙara maka jinkiri.

Yanzu ɓangaren mai sayarwa, wanda shi ne amsar me ya sa suke rufe ƙofa. Da akwai rangwame, kayan da bai kai yuro 22 ba yana shiga Tarayyar ba VAT, aka soke shi 1 ga Yuli 2021, aka kawo tsarin IOSS na kayan da bai wuce yuro 150 ba, inda mai shago zai karɓi harajin ƙasarka tun wajen biya, ƙunshin ya wuce ba a tsayar da shi ba, ba ladan kowa. A takarda abin ya yi kyau. Amma mai shagon da ke wajen Tarayyar galibi sai ya ɗauki wakili mazaunin cikinta da zai tsaya mishi, ya riƙa biyan shi, ya riƙa kai rahoto duk wata ko ya yi ciniki ko bai yi ba, ya san harajin ƙasashe 27 kowace da nata. Mutumin da ribarsa daga Turai a wata ba ta wuce ta cefane ba ina zai kai wannan. Ɗan'uwansa na Holan kuwa yana da sassauci har cinikin yuro 10,000 a shekara zuwa sauran ƙasashen kafin ya fara wannan lissafin, shi na Ingila daga yuron farko. Birtaniya kuma nata tsarin ni a ganina ya ma fi tsauri ga ƙarami, tun 1 ga Janairu 2021 ta soke rangwamen fam 15, ta ce duk kayan da bai wuce fam 135 ba, ɗan kasuwar waje da ke sayarwa kai tsaye shi zai yi rajista da hukumar harajinta HMRC ya karɓi kashi 20 ya turo mata, ba wani ma'auni, ko aisi ɗaya ka sayar. Shi ya sa ka ga shagunan Jamus da Holan da yawa suka rubuta ba sa aikawa Birtaniya, wasu kuma suka ce sai odarka ta haura fam 135, don in ta haura nauyin ya tashi daga kansu ya koma kan mai saye a bakin iyaka. Mai neman wayar fam 12 a ce mishi sai ya yi sayayyar fam 136, ai an kore shi ne cikin ladabi.

Wanda ya ci ribar wannan duka manyan kasuwannin intanet ne. Doka ta ɓangarorin biyu ta ce in ta kan irin su eBay aka yi cinikin kayan da bai wuce yuro 150 ko fam 135 ɗin nan ba, su ne za su karɓi harajin su biya, mai kaya ba sai ya yi rajistar komai ba. To kaga mutumin da ya sha wahala ya gina shagonsa don ya huta da kamashon su, dole ya koma ya miƙa wuya. Da a can ka sayi ledar nan da 5.32 kawai za ka biya ba yuro 6 ɗin. Sai dai nan ma akwai rami, lambar IOSS ɗin ba a jikin kwali ake buƙatarta ba, a cikin bayanan da ake turawa kwastan ta kwamfuta ake so ta shiga, in mai kaya ya je kanta ya cike fom ɗin kwastan na CN22 da biro lambar ba ta bi ba, ƙunshin zai iso kamar ba a biya ba a sake cajin ka. In hakan ta faru ka biya ka karɓi kayanka, ka riƙe rasit ɗin biyu ka nemi kasuwar ta mayar maka da na farko, kar ka ƙi karɓa don in ya koma sai ka yi asarar kuɗin aikowa kuma ka jira makonni.

Amma duk wannan kuɗi ne, ana iya haƙuri a biya. Wanda ya rufe shaguna da gaske dokar lafiyar kaya ce. Rabin wannan kasuwar fa ba tsofaffin kaya ba ne, sababbi ne da ake ƙerawa don tsofaffin injina, katin da zai sa Spectrum ta karanta memori, PiStorm da ke sa 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi ta zama ƙwaƙwalwar Amiga, sabuwar na'urar wuta don tsohuwar ta Commodore 64 in ta lalace takan ƙona injin, kuma masu yin su mutum ɗaya ne ko biyu, su zana bod su tura Shenzhen ta ƙasar Sin a buga musu guda hamsin su zauna da daddare suna haɗawa. Tun 16 ga Yuli 2021 Tarayyar ta ce kayan lantarki masu tambarin CE, alamar cika ƙa'idojin Tarayyar, sai da wani mazaunin cikinta da zai ɗauki alhakinsu, ba a cika matsawa ba a lokacin, sai ga dokar GPSR ta fara aiki 13 ga Disamba 2024 ta faɗaɗa abin zuwa kusan duk kayan masarufi, sabo da na hannu da wanda aka gyara, sunan wannan mutumin da adireshinsa su fito a jikin kayan ko kwalinsa da kuma shafin tallan, ga takardun nazarin haɗari, ga gargaɗi da harshen ƙasar mai saye, kuma manyan kasuwannin suka fara tambaya. Mai garejin Holan shi ne wakilin kansa, adireshin gidansa ya isa. Mai garejin Leeds sai ya yi hayar kamfani duk shekara. Abu ɗaya, bod ɗaya daga masana'anta ɗaya a Sin, ɗaya kyauta ɗaya da kuɗi. A watan nan na Disamba na ga mutanen da suka jure VAT da fom shekara huɗu sun ce su kam sun gaji. Dokar tana da ƙofofi, ba ta hau kan mutumin da ke sayar da kayan gidansa ba don kasuwanci ba, ta ware kayan tarihi da na tarawa da ba mai hankalin da zai sa ran sun cika ma'aunin yau, ta kuma ware abin da aka rubuta ƙarara cewa sai an gyara kafin a yi amfani da shi, don haka tsohuwar BBC Micro ta 1981 tana da hanyar wucewa, sabon katin da za a soka mata ne ba shi da ita. Ita Birtaniya kuwa da ta ƙirƙiro nata tambarin UKCA, a Agustan 2023 ta sanar za ta ci gaba da karɓar CE a yawancin kaya ba wa'adi, wato ta wannan fuskar ƙofar shigowa nan a buɗe take, ta fita ce a ƙuntace.

Ba komai ne laifin Brexit ba fa, masu ɗora mata komai su ma suna wuce gona da iri. Gyaran harajin Yulin 2021 an tsara shi tun kafin a san yadda fitar za ta kaya, kuma don kayan Sin aka yi shi. Rajistar kwali da leda ta Jamus da ake kira LUCID, wadda tun Yulin 2022 kasuwannin intanet suke tambaya, da rajistar sharar lantarki, waɗannan ko ɗan Faransa zai sayar a Jamus sai ya yi su. Tsadar aisi ta 2021 da 2022 ta duniya ce, farashin tsofaffin injina kuma ya hau lokacin kulle da kowa ya zauna gida ya tuna yarintarsa, sannan kamfanin Zilog ya daina buga Z80 na asali, aisin da yake ƙwaƙwalwar Spectrum, a 2024, ba ruwan siyasa a nan. Abin da fitar ta yi shi ne ta ɗauke ɗan Birtaniya daga cikin gida ta ajiye shi a layin baƙi daidai lokacin da ake tsaurara wa baƙi, yau ƙunshin Leeds da na Shenzhen layi ɗaya suke bi a kwastan ɗin Jamus.

Waɗanda na fi tausaya wa 'yan Ailan ne. Harshe ɗaya, filogi ɗaya mai ƙafa uku, injinan da suka taso da su na Birtaniya ne, kasuwarsu kaf nan take, rana ɗaya ta zama ƙasar waje da kashi 23, a 2021 ma ƙunshi da yawa daga nan gidan wayarsu ya mayar saboda bayanan kwamfuta ba su cika ba. Ailan ta Arewa kuma nata abin mamaki ne, tana cikin Birtaniya amma a harkar kaya dokar Tarayyar take bi, mai shago a Belfast zai aiko maka kaya Jamus ba fom ba harajin bakin ƙofa, amma da GPSR ta zo wasu masu shaguna a Ingila suka daina aikawa Belfast, cikin ƙasarsu ɗaya.

Sai gyara, wanda ba a cika maganarsa ba. Masu iya canza kafasitan Amiga ba tare da sun ɓata bod ba, ko masu gano wane aisi ne ya mutu a Spectrum, ƙalilan ne, da can kowa yana aika injinsa wajen wanda ya fi iyawa ko a wace ƙasa yake. Yarjejeniyar ta ce ba kuɗin fito a kan kayan da ya je gyara ya dawo, kuma akwai hanyoyin kwastan na shiga na wucin gadi da na kayan da ya dawo gida, mu a ofis muna yin su wa kamfanoni kullum. Amma an gina su ne don injin masana'anta, a ƙunshin gidan waya na mutum ɗaya sau da yawa ba mai duba abin da ka rubuta, sai a caji mai gyara harajin injin da ba nashi ba wajen shiga, a caje ka harajin injinka na kanka wajen dawowa, sai ka bi da takardu kana neman a mayar. Haka in kaya ya iso a fashe ko ba ya aiki za ka mayar, harajin da ka biya ba a hannun mai shago yake ba balle ya ba ka. Ni yanzu in mutumin Turai ya ce zai aiko min gyara ce mishi nake ya nemi na kusa da shi, ko da na fi shi iyawa.

Maganar Nijar kuwa kar ka ɗauki wannan ka ɗora a can kai tsaye. Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da fita a Janairun 2024, ta tabbata 29 ga Janairu 2025, amma tsakanin Jibiya da Maraɗi ko Illela da Ƙonni kwastan ba su taɓa tashi ba ko lokacin da ake cikin ƙungiya ɗaya, ɗan kasuwar can ya san shinge tun yana yaro. Turai kuwa tun 1 ga Janairu 1993 aka kwashe shingen kaya tsakaninsu, yawancin masu shagunan nan ba su taɓa ganin fom ɗin kwastan ba sai 2021, shi ya sa abin ya buge su haka.

Yadda mutane suke lallaɓawa yanzu, masu ƙera kaya da suka ɗan yi ƙarfi sun samu shago ɗaya a cikin Tarayyar suna tura mishi da yawa a lokaci ɗaya, fom ɗaya, shi ya zama mai shigowa kuma mai ɗaukar alhaki, ya ɗora ribarsa, farashi ya hau amma kaya na samuwa. Wasu sun saki zanen bod ɗinsu a shafin intanet na GitHub kyauta, wani a Jamus ya buga nashi wani a Ingila ya buga nashi, zane ai ba ya bi ta kwastan. Kai a matsayinka na mai saye, fara duba ko akwai mai sayar da abin a cikin Tarayyar ko da ya ɗara da yuro 5, ya fi maka arha. In dole sai Ingila, tambayi mai shagon kafin ka biya ko yana karɓar harajin daga can, in ba ya yi ka tara buƙatunka ko ku haɗu da abokai ku yi oda ɗaya don ladan sau ɗaya ake biya, kuma ka roƙe shi ya turo ta gidan waya. Don Allah kar ka ce ya rubuta kyauta ce ko ya rage farashi a fom, rangwamen kyauta yuro 45 ne zuwa wajenku, fam 39 zuwa nan, kuma tsakanin mutum da mutum ne ba ciniki, rubuta ƙarya laifi ne a kansa, sannan in injin yuro 400 ya ɓace an rubuta 30 to 30 ɗin inshora za ta biya. Babban inji kuwa, musamman mai tsohuwar talabijin ɗin kwalba da dama ba ta son tafiya, in kana da mai zuwa ya riƙo maka a jaka, matafiyi yana da rangwamen kayan amfanin kansa har yuro 430 in ta jirgin sama ko na ruwa ya shigo Tarayyar, 300 in ta ƙasa, mai shigowa nan kuma fam 390, ya dai riƙe rasit a aljihu. Wannan na amfanin kai ne kawai, wanda zai cika but ɗin mota ya tafi baje koli irin Revision da ake yi a Saarbrücken lokacin Ista, in kayan nuni ne da zai dawo da su takardar ATA ta shigar da kaya na wucin gadi ake nema kuma kuɗinta ɗaruruwan fam ne, in na sayarwa ne sai ya bayyana su a matsayin kayan kasuwa ya biya harajinsu tun a bakin iyaka.